Kabarin Da Aka Cike Kafin Gari Ya Waye



A watan Nuwamba Ikkilisiya takan kira mu mu tuna da matattunmu. Mukan rubuta sunayensu mu kai bagade, mu ba da Misa dominsu, waɗansunmu kuma su je maƙabarta su share ciyawa su kunna kyandir. Wannan duka daidai ne. Amma kowane suna da aka karanta a bagade yana da wani mai rai da ya rubuta shi, sau da yawa kuma mai rubutun mace ce da take zaune a benci na baya cikin baƙaƙen kaya, wadda ba mu ƙara taka ƙofar gidanta ba tun ranar da aka kwashe kujerun zaman makoki. Domin ita, da kuma namijin da ya binne matarsa, muke so mu buɗe wani ɗan littafi na Tsohon Alkawari wanda da yawanmu ba su taɓa karanta shi daga farko har ƙarshe ba, wato Littafin Tobit.

Wanda ya duba Littafi Mai Tsarki na gidansa bai same shi ba, kada ya yi mamaki. Tobit yana cikin littattafai 7 na Tsohon Alkawari da mu Katolika muke karɓa, waɗanda bugun 'yan'uwanmu na waɗansu ɗarikoki ba ya ɗauke da su. Ikkilisiya tana karanta shi tun zamanin iyayen farko, Majalisar Tirento kuma ta tabbatar da shi a shekarar 1546. A 1952, a kogo na huɗu na Kumran kusa da Tekun Gishiri, an tono guntayen kofe 5 na littafin, 4 da harshen Aramaik, 1 da Ibrananci, abin da ya nuna Yahudawa suna karanta shi tun kafin haihuwar Ubangijinmu. Surori 14 ne kawai. Mutum zai iya gama shi tsakanin cin tuwon dare da kwanciya.

Wanda ya karanta zai ga yana da ɗanɗanon labarin da kaka take ba jikoki. Akwai mala'ika da ya yi shigar matafiyi, akwai aljani mai kishi, akwai ƙaton kifi da ya yi tsalle daga kogi, har da kare da ya bi ubangidansa zuwa da komowa. Masana da yawa na Ikkilisiya suna ɗaukarsa labari ne na koyarwa, wanda aka rubuta wajen shekara 200 kafin Kristi. Marubucin ma bai damu da awon hanya ba: ya ce daga Ekbatana zuwa Rages tafiyar kwana 2 ce, alhali tsakaninsu kusan kilomita 300 ne. Wannan ba ya rage masa daraja ko kaɗan. Ubangijinmu da kansa da misalai ya koyar, kuma ba wanda ya taɓa neman takardar haihuwar ɗan nan mubazzari kafin ya gaskata jinƙan uba.

Labarin ya fara da gida biyu masu nisa da juna. A Nineba, kusa da Mosul ta ƙasar Iraƙi a yau, akwai Tobit, Ba'isra'ile daga kabilar Naftali, wanda aka kai bauta. Aikinsa na ibada shi ne binne 'yan'uwansa da aka kashe aka yar, har ya jawo wa kansa fushin sarki. Wata rana bayan ya binne wani, ya kwana a tsakar gida saboda zafi, kashin tsuntsaye ya faɗa masa a ido, ya makance. Matarsa Hannatu ta shiga saƙa domin su ci. Da aka ba ta kyautar ɗan akuya a kan ladanta, sai Tobit ya ji kukansa ya ce sato shi ta yi. Suka yi cacar baki, ta gaya masa magana mai zafi game da sadakokinsa, shi kuwa ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mu lura a nan, a taƙaice, yadda baƙin ciki yake sa mutumin kirki ya zargi wanda yake ciyar da shi.

Gida na biyu shi ne abin da ya kawo mu. A Ekbatana ta ƙasar Midiya, inda birnin Hamadan na Iran yake yanzu, akwai wata yarinya, Saratu, 'yar Raguwel da Edna, ita kaɗai suka haifa. An ɗaura mata aure sau 7. Kowane ango ya mutu a daren da aka kai shi ɗakinta, domin aljanin da ake kira Asmodiyus yana kashe su. Littafin bai faɗi sunan ko ɗaya daga cikin mazan ba, bai kuma ta da ko ɗaya daga matattu ba. Sun mutu, an binne su, iyayensu sun yi kuka, ita kuma ta koma ɗakin uwarta sau bakwai.

Amma abin da ya kai ta maƙura, bisa ga sura ta 3, magana ce ta baki. Wata baiwa a gidan ubanta ta dube ta ta ce ita ce take kashe mazanta, ta ce ta bi su mana, ta kuma yi mata fatan kada a taɓa ganin ɗanta ko 'yarta. Saratu ta haye bene da niyyar rataye kanta. Abin da ya tsayar da ita shi ne tunanin tsohon ubanta, da irin gorin da za a yi masa. Sai ta miƙa hannuwanta wajen taga ta yi addu'a, ta ce wa Allah ko dai ya ɗauke ta, ko kuwa ya dube ta kada ta ƙara jin zagi.

'Yan'uwa, wannan baiwa ba baƙuwa ba ce a gare mu. Mun san muryarta. Ita ce take raɗa a bakin rijiya cewa wance farar ƙafa gare ta, tun da ta shiga gidan nan arziki ya fita. Ita ce take cewa a wurin makoki, tun gawa tana kwance, a bincika abin da matar ta ba shi ya ci. Ita ce take ƙirga hawaye: idan gwauruwa ta yi kuka da yawa a ce munafunci ne, idan ta daure a ce dama abin da take jira ke nan. Wani lokaci kuma baiwar nan tana ɗaure da ɗankwalin Zumunta, tana karɓar Jibi Mai Tsarki tare da mu ranar Lahadi. Mukan ce mutuwa rigar kowa, amma idan ta ɗauki namiji sai mu manta da karin maganarmu mu shiga neman wadda ta jawo. Mutum ya yi shekaru da hawan jini bai sha magani ba, ko mota ta kife da shi a hanya, ko 'yan bindiga suka tare shi a gona, duk da haka sai an sami mai cewa matarsa ce. Wanda ya faɗi irin wannan magana ya yi shaidar zur a kan maƙwabcinsa, ya karya doka ta takwas, kuma wajibi ne ya kai ta wurin furta zunubi, ya kuma gyara sunan da ya ɓata a gaban waɗanda suka ji shi.

Idan kuwa akwai wani a cikinmu da baƙin ciki ya kai shi benen da Saratu ta hau, muna roƙonsa kada ya zauna shi kaɗai da wannan tunani. Ya faɗa wa Fada, ko katikis, ko likita, ko wani amintacce, yau ɗin nan. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye cewa 'yar mutanen kirki ta yi wannan tunani ba, saboda haka ba abin kunya ba ne a faɗa.

Littafin ya ce a rana ɗaya aka ji addu'ar Tobit da ta Saratu, a gaban ɗaukakar Allah. Ba su san juna suna kuka ba. Dukansu biyu mutuwa suka roƙa, Allah kuwa bai ba ko ɗayansu abin da ya roƙa ba. Ya aiko Rafayel, wanda ma'anar sunansa ita ce Allah yana warkarwa. Kuma dubi yadda ya zo. Tobit ya tuna da azurfa talanti 10 da ya ba wani ɗan'uwansa Gabayel ajiya a Rages, ya ce wa ɗansa Tobiya ya nemi wanda ya san hanya. Tobiya ya fita ya tarar da wani saurayi a tsaye, wanda ya ce sunansa Azariya. Aka yi cinikin lada kamar yadda ake yi da kowane ɗan rakiya. Babu fukafukai, babu walƙiya. Har aka je aka komo ba wanda ya san mala'ika ne.

Muna ganin a nan ne littafin ya fi kusa da rayuwarmu. Gwauruwa ba ta cika bukatar mai dogon wa'azi ba. Tana bukatar wanda ya san hanya: wanda zai raka ta ofishin da mijinta ya yi aiki domin neman haƙƙinsa, wanda ya iya cika takarda, wanda zai tsaya tare da ita ranar da dangi suka zo rabon kaya, wanda zai tuna cewa kuɗin makarantar yara bai mutu tare da ubansu ba. Matasa su yi mata gayya a gona lokacin noma. Mai shago ya ɗauki ɗanta koyon sana'a. Waɗannan su ne Azariya na zamaninmu, kuma yawancinsu ba su san aikin mala'ika suke yi ba.

Tun da mun ambaci rabon kaya, bari mu faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Akwai gidajen Kirista da ake binne mutum da safe, da yamma 'yan'uwansa sun kulle ɗakinsa sun tafi da mabuɗi. Gona, babur, injin niƙa, har katifar da matar take kwana a kai. Waɗanda ba su taɓa kawo ko ƙwayar magani ba lokacin jinya su ne na gaba wajen ƙirga kwanon rufi. Annabawa sun yi ta tsawa a kan wannan, Ubangiji Yesu ya la'anci masu cin gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, Manzo Yakubu kuma ya sa kula da marayu da gwauraye a tsakiyar addini na gaskiya (Yakubu 1:27). Hukuma ma ta yi magana: dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane ta tanadi hukunci ga wanda ya azabtar da gwauruwa da sunan al'ada, jihohi da dama kuma sun karɓi dokar. Majalisar Ɗinkin Duniya a 2010 ta keɓe ranar 23 ga Yuni domin tunawa da gwauraye. Abin kunya ne a ce sai kotu ta koya wa wanda aka yi wa baftisma abin da ya ji tun yana ajin katikisma. Mu maza kuma da muke da sauran numfashi, mu rubuta wasiyya, mu sa shaidu, mu gaya wa matanmu inda takardun fili suke. Rubuta wasiyya ba ya kiran mutuwa. Tobit da kansa, da ya ga kamar kwanansa ya ƙare, ya zaunar da ɗansa ya faɗa masa inda kuɗi yake, ya ba shi takardar shaida, ya kuma gargaɗe shi ya girmama uwarsa dukan kwanakinta.

Mu koma kan hanya. A bakin Kogin Taigiris kifi ya kawo wa Tobiya hari, abokin tafiyarsa ya ce ya kama shi ya ajiye zuciya da hanta da matsarmama. Da suka kusa Ekbatana ya ba shi labarin Saratu, ya ce ya neme ta da aure. Tobiya ya ji tsoro, ya kuma faɗa a fili: ya ji labarin mutum bakwai, shi kaɗai ne wurin iyayensa, wa zai binne su? Raguwel ma bai ruɗe shi ba, ya gaya masa dukan abin da ya faru kafin a rubuta takardar aure. Edna ta gyara ɗaki, ta kai 'yarta, ta yi kuka, sa'an nan ta share hawayenta ta ƙarfafa ta. Ba wanda ya yi kamar ba a taɓa yin mutuwa a gidan ba.

A ɗakin Tobiya ya sa hanta da zuciyar kifin a kan garwashin turare, warin ya kori aljanin har ƙasar Masar, Rafayel ya bi shi ya ɗaure. Kada wani ya ɗauki wannan ya ce ga izinin zuwa wurin boka neman turaren aljanu. Mun san mata nawa aka cinye wa ɗan abin da miji ya bari da sunan za a raba su da namijin dare. Wanda ya ɗaure aljanin manzon Allah ne, kuma abin da ango da amarya suka yi da kansu shi ne suka tashi tsaye suka yi addu'a tare. Tobiya ya tuna da Adamu da Hawwa'u, ya shaida cewa ba don sha'awa ya ɗauke ta ba, ya roƙi jinƙai, ya roƙa su tsufa tare. Suka ce Amin, suka kwanta. Wannan addu'a ta sura ta 8 tana cikin karatun da Ikkilisiya ta zaɓa domin Misar aure. Amare da yawa sun ji ta cikin farin lulluɓi ba su san cewa a ɗakin gwauruwa aka fara yin ta ba.

Sa'ad da suke barci, Raguwel bai runtsa ba. Ya tashi cikin dare ya kira barorinsa suka haƙa kabari, domin idan wannan ma ya mutu a binne shi a ɓoye kada su zama abin dariya. Kada mu yi saurin ganin laifinsa. Wanda ya binne surukai bakwai ya san nauyin fatanya. Haka baƙin ciki yake yi wa mutum: yakan koya masa ya shirya wa masifa tun ba ta zo ba, har idan alheri ya shigo gida ya kasa gane shi. Gwauruwa da yawa suna da irin wannan kabari a zuciya. Wani mutumin kirki ya nuna yana so, ta ce a'a, wannan ma zai mutu ya bar ni. Aka ba ta jari, ta ce ba zai yi albarka ba. Ta yi dariya a wurin biki, sai ta ji kamar ta ci amanar marigayi. Mu ma da muke kewaye da ita mukan taya ta haƙa.

Raguwel ya aiki baiwa da fitila ta leƙa. Ta komo ta ce yana da rai, suna barci lafiya. Sai tsohon ya yabi Allah, ya ce wa barorin su cike kabarin kafin gari ya waye. Aka yi biki kwana 14.

To, mene ne koyarwar Ikkilisiya game da sake aure? A bayyane take. Alkawarin da aka yi a gaban bagade har mutuwa ne, mutuwa kuma tana kwance shi (Doka ta 1141 a kundin dokokin Ikkilisiya na 1983). Manzo Bulus ya ce matar da mijinta ya rasu tana da 'yanci ta auri wanda take so, cikin Ubangiji (1 Korintiyawa 7:39), a wasiƙa ta fari zuwa ga Timoti ma an shawarci gwauraye masu ƙuruciya su yi aure. Ikkilisiya ba ta yanka wa kowa kwanakin makoki ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna da takaba ta wata 4 da kwana 10, bayan ta kuwa bazawara takan yi aure ba mai ɗaga gira. Mu fa? Namiji ya rasa mata, kafin shekara ta zagayo dangi sun nemo masa wata, ana cewa wa zai dafa wa yara. Mace ta yi shekara biyar, ta fara shafa hoda, sai unguwa ta ɗauka. Wannan mudu biyu ne, kuma ba daga Bishara muka samo shi ba.

Amma 'yancin yana da fuska biyu. Wadda take so ta yi aure, ta yi, mu raka ta da murna, dangin marigayi kuma kada su mai da 'ya'yanta abin garkuwa, su ce idan ta fita sai ta bar mai shan nono. Wadda ba ta so, ba mai ikon tilasta mata. Ita ba kayan gado ba ce da za a ce ƙanen miji ya gaje ta. Auren da aka ɗaura da tilas ko tsoro mai tsanani ba aure ba ne a idon Ikkilisiya (Doka ta 1103), wanda kuma yake da matarsa ta aure a raye ba shi da ikon ƙara wata (Doka ta 1085), ko da an kira abin riƙon marayu. Mai son riƙon marayun ɗan'uwansa ya biya kuɗin makaranta, hanya a buɗe take.

Ba kowace sabuwar rayuwa ce take zuwa ta ƙofar aure ba. Hannatu 'yar Fanuyila ta yi shekara 7 kawai da mijinta, ta zauna cikin Haikali da azumi da addu'a, tana da shekara 84 ta ga jariri Yesu da idonta (Luka 2:36-38). Waliyya Jan Fransuwas ta Shantal, a ƙasar Faransa, ta rasa mijinta a 1601 sa'ad da abokinsa ya harbe shi bisa kuskure a wurin farauta, ya bar ta da yara 4. Ta yi shekaru a gidan surukinta tana shan wulaƙanci daga mai kula da gidan, ta kuma sha fama kafin ta iya gafarta wa wanda ya yi harbin. A 1604 ta haɗu da Waliyyi Faransis na Sal, a 1610 suka kafa ƙungiyar Sistoci ta Ziyarar Maryamu. Shekara tara ke nan tsakanin kabari da sabon aiki. Saboda haka kada mu tsaya a kan mai makoki da agogo muna cewa ya isa haka. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi kuka.

A can Nineba kuwa kwanakin da aka ƙirga sun wuce. Hannatu matar Tobit ta riga ta yanke ƙauna, ta ce ɗanta ya mutu, amma kowace safiya sai ta fita ta zauna tana duban hanyar da ya bi. Rannan ta hango shi, ga kare yana biye. Tobiya ya shafa matsarmamar kifin a idon ubansa, farin da ya rufe ido ya ɓare, tsohon ya ga fuskar ɗansa. Da aka gaya masa amarya tana tafe, bai tsaya tambayar mazanta nawa suka mutu ba, bai aika a bincika ƙafarta ba. Ya tashi da kansa, ba mai riƙe masa hannu, mutanen gari suna kallo suna mamaki, ya tafi har ƙofar birnin Nineba ya tarye ta. A can ya sa mata albarka, ya kira ta 'yarsa, ya ce ta shigo gidanta.